Ƙwaƙwalwar da Ke Kan Hanya

A duk layin shagunan nan babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ce Injiniya injiniya ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofa, mutane suka ga kiran ba ya rage su da komai, suka bi. Ainihin sana'arsa buga takardu da yin kwafi. Kwamfutar tebur ɗaya gare shi, da firinta ɗaya, da benci ɗaya na masu jira. Amma in ka kuskura ka tsaya gaisawa da shi, kafin ka kai ga "ina gajiya" ya gaya maka abin da manyan kamfanonin duniya za su fitar baɗi, da ranar, da dalilin da ya sa shi kansa shugaban kamfanin bai sani ba tukuna.

"Ina da mutum a ciki," yakan ce, yana rage murya.

Mutumin nasa na ciki wasu masu surutu ne da yake kallo a waya, suna zaune gaban fitilu masu launi suna hasashe. Ba su san da zamansa a duniya ba.

A lokacin, aiki ɗaya ne mai nauyi a cikin kwamfutar, wato littafin surukinsa, mahaifin matarsa, wanda yake kira Baba. Baba tsohon safiyo ne, ya yi shekara talatin da biyar yana auna filaye, da ya ajiye aiki ya zauna ya rubuta duk abin da idonsa ya gani, shafi ɗari uku da sha biyu. Wata takwas Injiniya na bugawa, Baba na zuwa kowace safiya da jan biro da gyare-gyare. Waƙafi ɗaya in ya kauce, sai ya mayar da shi kan iyakarsa. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatansu ta riga ta sa ranar ƙaddamarwa, maɗaba'a kuma ta ce a kai mata littafin nan da mako shida.

Ran wata Litinin kwamfutar ta ɗan yi nawa wajen buɗe babi na tara. Baba ya duba agogon hannunsa. Wannan duban ne ya jawo komai.

"Baba, ka gani ko?" in ji Injiniya. "Ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Firosesa ake ce mata, ita ke yin duk tunanin. Amma ka kwantar da hankalinka, sabuwa na fitowa ranar sha ɗaya ga wata. Kafin ka ɗage yatsa daga kan kibod ta buɗe babin, ta karanta, ta fahimta."

"Wannan ɗin ma ai ta buɗe," in ji Baba. "Layi na huɗu, ka cinye min waƙafi."

Washegari Injiniya ya jingina allo a ƙofar shago, ya rubuta da alli: SAURA KWANA GOMA. Ya je ya sayo sabon akwatin kwamfuta mai gefen gilashi, da fankoki shida masu canja launi, da sabon madabod, wato babban allon da ake dasa firosesa a kai. Mai sayarwar ya gaya masa ramin da ke jikin wannan allon na sabuwar firosesar ne kaɗai, tsohuwa ba ta shiga. Injiniya ya ce ai shi ya sa ya zo.

Da ya rage saura kwana bakwai, ya fito da tsohuwar kwamfutar bakin titi, ya ɗora a kan benci, ya farke ta a gaban jama'a. Kawu mai gyaran agogo, dattijon da ke shagon dama, ya leƙo da gilashinsa maƙale a ido ɗaya. Mai aski na shagon hagu ya fito da almakashi a hannu. Injiniya ya zare wani ɗan falle mai kusurwa huɗu, ƙasansa cike da siraran ƙafafu kamar na buroshi, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku yi mata bankwana. Ta yi ritaya."

"Sabuwar ta iso ne?" in ji Kawu.

"Tana hanya."

"To ka ga hadari ka zubar da ruwan randa."

"Kawu, kai da agogo ka saba, abin da ya shekara ɗari bai sauya ba. Mu a fanninmu wurin ake bari ya sha iska kafin baƙuwa ta sauka."

Mai aski ya karɓi ɗan fallen ya jujjuya, ya ce kujerarsa na da ƙafa ɗaya gajera, kullum tana ɗingishi. Injiniya ya ce ya ba shi kyauta, ko a ritaya mutum ba ya rasa abin yi. Aka cusa firosesa ƙarƙashin ƙafar kujera, ta zauna daram.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta biyo da rana bayan ta tashi daga aiki, ta tarar da tsohon madabod a rataye a bango kamar hoton kaka.

"Maigida, ka dai kwafe littafin Baba a filash kafin ka yi wannan aika-aikar?"

"Filash na matsorata ne. Littafi na cikin ma'ajiyar kwamfutar, na mayar da ita sabon akwati, ko ƙuda bai taɓa shi ba."

"Ana iya buɗewa?"

"Ranar sha ɗaya."

Ta dube shi irin duban da take yi wa majinyacin da ya ce ya ji sauƙi ya daina shan magani, ta wuce gida.

Ranar sha ɗaya Injiniya ya zo da farar riga. Ƙarfe tara ya duba waya. Ƙarfe tara da rabi ya sake dubawa. Ƙarfe goma ya fito da tsumma, ya goge allon a hankali, kamar wanda ke share ƙura kawai.

"Lafiya?" in ji mai aski.

"An ɗan ɗage. Da ma na sani. Sun gano wata 'yar matsala a wajen gwaji. Ni na fi son haka, kayan gaggawa ba ya ƙarko."

"Zuwa yaushe?"

"Sun ce kwata ta uku."

Mai aski ya leƙa bayan shagonsa, ya dubi bakin titi. "Ni kwata biyu na sani a layin nan, duk kuma sun toshe. Ta ukun a ina take?"

"Kwatar shekara nake nufi! Ana raba shekara gida huɗu. Mutumina na ciki ya ce ashirin da biyar ga wata, ba fashi."

Ya rubuta SAURA KWANA SHA HUƊU. Kawu ya fito ya karanta, ya ce shi a sana'arsa agogon da ke tafiya da baya karɓarsa yake ya gyara, bai taɓa ganin wanda aka kafa a ƙofa ana alfahari da shi ba.

Masu kawo bugu kuwa ba su ɗage komai ba. Injiniya ya je ya tono wata tsohuwar tafireta daga ɗakin ajiya, ya ce sabon salo ne, manyan ofisoshi ma sun fara komawa gare ta. Aibinta ɗaya, harafin "a" ya karye. Wata mata ta kawo takardar neman aiki, ya ƙwanƙwasa mata, ya miƙa. Ta karanta layin farko: "Zuw g Mnj."

"Malam, wannan wane yare ne?"

"Kawo in cike miki da biro."

Ya fara cikewa. A sakin layi na farko kaɗai ya zuba "a" tamanin da ɗaya, hannunsa ya ƙage. Matar ta karɓi takardarta ta tsallaka titi, ta shiga shagon wata mai gyaran kwamfuta da ke can ɓangaren, wadda Injiniya ya shekara uku yana kira "mai canja batir". Ya bi ta da ido har ta shige, ya ce wa mai aski wasu mutanen ba sa son ci gaba.

Baba bai fasa zuwa ba. Kowace safiya zai zauna a kan benci, ya ajiye gyare-gyaren ranar a kan na jiya, ya dubi akwatin gilashi da fankokinsa shida suna juyawa, ja, kore, shuɗi.

"Me suke sanyayawa?" ya tambaya ran nan.

"Wurin da za ta zauna, Baba."

"Na taɓa auna wa wani mutum fili, ya gina katanga da ƙofa mai kyau, ya sa maigadi. Shekara goma sha biyu babu gida a ciki."

"Daga baya ya gina ai?"

"Yana babi na sha huɗu. In ka buɗe za ka gani."

Ashirin da biyar ga wata ta zo. Wannan karon kamfanin bai ma ba da rana ba, cewa ya yi "nan gaba kaɗan". Masu surutun waya suka rabu biyu, wasu suka ce wata mai zuwa, wasu suka ce sai sabuwar shekara. Injiniya ya tsaya gaban allo da alli a hannu, ya rasa lambar da zai rubuta. A ƙarshe ya rubuta SAURA ƘIRIS.

A ranar Baba ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Alhamis ta sama maɗaba'a za ta rufe karɓa. An riga an raba katin gayyata."

Yana fita, Injiniya ya faɗa shagon mai aski. Wani ƙaton direban babbar mota na kan kujera, an lulluɓe shi da zane, inji na tafiya a ƙeyarsa. Injiniya bai yi sallama ba, ya durƙusa ya fizge firosesa daga ƙarƙashin ƙafar kujera. Kujera ta karkata. Inji ya tashi daga ƙeya ya bi ta tsakiyar kai, bai tsaya ba sai a goshi.

Direban ya dubi madubi.

"Wannan titin," ya ce, "wa ya ba da kwangilarsa?"

Mai aski ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ya dawo bayan awa ɗaya a daidaita masa, sai ya fara gyara ƙafar kujerar tukuna. Direban ya kifa hula ya fita.

Firosesa ta sha zama. Ƙafafunta duk sun kwanta, wasu gabas, wasu yamma. Injiniya ya kai wa Kawu, ya ce taimakon gaggawa yake nema. Kawu ya maƙala gilashi ya duba da kyau.

"Za su miƙu."

"Madalla! Yaushe?"

"Kwata ta huɗu. In ba a samu matsala a wajen gwaji ba."

Injiniya ya fizge kayansa. Ya zauna da reza ya miƙe abin da ya miƙu, abin da ya karye ya ce da ma ƙari ne. Ya sauke tsohon madabod daga bango, ya ɗora firosesa a raminta. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya danna da tafin hannu har ya ji ƙas, ya ce yawwa. Ya jona wayoyi yadda ya tuna, ya kunna.

Wani abu ya yi tas, wani siririn hayaƙi ya tashi, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Daga shagon hagu aka ji inji ya yi shiru. Direban ya dawo ke nan, an kwashe masa rabin kai na dama, na hagu na nan cunkus. Ya fito da zanen aski a wuyansa, ya tsaya a ƙofar Injiniya, ya cika ƙofar.

"Malam, tsakani da Allah, mun taɓa yin faɗa ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Gwaji muke yi."

"To in za ku yi na uku a sanar da ni, in kwana a wani gari."

Ko mahaukaci a nan zai ɗauki ma'ajiyar ya tsallaka titi. Matarsa ma abin da ta ce ke nan, ta ce aikin minti biyar ne a wurin matar can. Injiniya ya ce ya gwammace ya haɗiye kibod da a gan shi a shagon mai canja batir. Ya ce yana da shiri.

Shirin kuwa shi ne ya sayi lokaci. Ran Talata ya tari Baba da fara'a, ya ce mutuminsa na ciki ya yi abin kirki, ya turo masa guda ɗaya ta bayan fage, kafin duniya ta gani. Gobe da hantsi za a kunna. In Baba ya ga littafinsa a buɗe hankalinsa zai kwanta, shi kuma ya samu kwana ɗaya ya san dabara. Abin da bai lissafa ba, Baba ya gaya wa shugaban ƙungiyarsu, mai aski kuma ya gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa.

Laraba da hantsi shagon ya cika har bakin kwata. Ga Baba a kan benci, ga shugaban ƙungiya da sandarsa, ga Kawu, ga mai aski, ga direban da kai tal kamar ƙwai, ya ce ya zo ne ya ga abin da ya ci masa gashi. Matar Injiniya na tsaye a baya da kayan aiki, ta harɗe hannu.

Tun da safe Injiniya ya gama haɗa komai. Akwai hoton shafin farko na littafin da ya taɓa ɗauka a wayarsa. Ya buɗe hoton, ya jona wayar da sikirin, wato fuskar kwamfutar da ake kallo, ya kwantar da ita a can ƙasan akwatin bayan fankoki, ya rufe da baƙar takarda, ya ɗaure murfin da sukurori takwas. Ya lulluɓe sikirin da tawul.

Ya yi jawabi na minti ashirin. Sannan ya kunna fankoki, ya yaye tawul. Ga shafin farko, fes.

"Kun ga lokacin da ta buɗe?"

"Ba mu gani ba," in ji mai aski.

"To saurin ke nan."

Aka tafa. Shugaban ƙungiya ya ce lallai zamani ya zo. Baba ya gyara tabarau, ya matso.

"Kai mu shafi na ɗari biyu da bakwai. Akwai gyara."

"Baba, sabuwa ce, ba a takura mata a ranar farko. Sai ta saba da iskar wurin."

"To shafi na biyu."

"Shi ma nisa ne a wurinta, ta wata fuskar."

Kawu ya ce shi dai inuwar babban yatsa yake gani a gefen shafin, ko ita ma firosesar ce ta zana? Injiniya ya ce wannan alamar kamfani ce. Shugaban ƙungiya, mutum mai son sanin abubuwa, ya ce yana so ya ga saƙon da mutumin ciki ya turo, don ya ba jikokinsa labari. Injiniya ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu.

"Kash! Wayar tun safe nake nemanta. Ina jin ta faɗi a hanya."

"Subhanallahi," in ji Baba. "Bari in kira maka, ƙila wani ya tsinta."

"Baba, bar shi kawai, ba sai..."

Baba ya riga ya danna.

Akwatin gilashi ya fara waƙa. Yana waƙa yana kakkarwa, baƙar takarda na zamewa a hankali. Shafin farko ya ɓace daga sikirin, wasu manyan haruffa suka maye gurbinsa, yadda na bakin titi ma zai iya karantawa: TSOHO MAI KORAFI.

Fankoki na ta juyawa, ja, kore, shuɗi. Matar Injiniya ta rufe ido. Baba ya ƙara matsowa, wayarsa a kunne, ya karanta rubutun daga farko har ƙarshe, ya sake karantawa.

"Ƙorafi," ya ce, "da ƙugiya ake rubuta shi."

"Baba, wallahi ba kai ba ne, wani tsohon ne daban..."

"Ba za ka ɗauka ba? Yana jira."

Injiniya ya rarumi sukundireba. Sukurori takwas ne, ya kuma ɗaure su da ƙarfin gaske. Kiran ya katse yana kan na biyu. Baba ya sake kira. Direban ne ya fara dariya, wata irin dariya daga can cikin tumbi, sai kowa ya samu hanya. Shugaban ƙungiya ya riƙe sanda da hannu biyu yana share hawaye da kafaɗa. Kawu kaɗai bai yi dariya ba, ya duba agogo ya ce kira na uku ke nan, kuma duk sun iso a kan lokaci.

Da murfin ya buɗe, matarsa ta ture shi gefe, ta leƙa ciki. Ga ramin firosesa fayau, sanyi ƙalau. Ta ce ya nuna mata ma'ajiyar. Ya nuna da yatsa, bai ɗago kai ba. Ta zare ta, ta naɗe a tawul kamar jariri, ta tsallaka titi, jama'a na biye da ita. Aka bar Injiniya da fankokinsa.

Matar tsallake ta jona ma'ajiyar a tata kwamfutar, wata tsohuwa mai launin toka da ta girmi ta Injiniya. Kafin Baba ya gama zama, shafi na ɗari biyu da bakwai ya buɗe. Ya yi gyaransa, waƙafi ɗaya ne, sannan aka shigar da sauran gyare-gyaren da suka taru. Ta kwafe masa littafin a filash biyu. Alhamis da safe maɗaba'a ta karɓa.

Injiniya ya shigar da allonsa ciki, ya yi mako biyu yana gaisuwa a taƙaice. Ranar ƙaddamarwa matarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta. Ya zauna a layin ƙarshe, aka miƙo masa kwafi ɗaya. Ya buɗe shafin godiya, don ko ba komai wata takwas ya yi yana bugawa. Baba ya gode wa ƙungiya. Ya gode wa 'yarsa. Ya gode wa mai gyaran kwamfuta ta tsallaken titi, ya ba ta layi uku cur. A can ƙasa kuma, babu waƙafin da ya kauce, aka rubuta:

"Godiyata ga surukina tana hanya. Za ta fito a bugu na biyu, in ba a ɗage ba."